Damin Geron da Ya Cinye Mana Gona

Zuwa ga Alhaji Babba, magajin gidan Maitaguwa, Gumel.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Sau huɗu ina zuwa ƙofar gidanka tun bayan ƙaramar salla, kullum maigadi ya ce kana Abuja. Shi ya sa na rubuto a fili.

Ni ne Habu, jikan Jatau, wanda ya yi wa kakanka Madugu Maitaguwa jan raƙuma, daga Damagaram zuwa Kano, har ƙafafunsa suka gaza. Da ya tsufa Madugu ya ba shi gona a yamma da Ɗanzomo. Kyauta, a gaban dagaci. Ba a rubuta ba, don a lokacin maganar Madugu ta fi takarda.

Kukana biyu ne. Na farko, sunan gidanku da muke amsawa. Ranar da aka kai mahaifina firamare, hedimasta ya tambayi ɗan wane gida ne, aka ce na Maitaguwa, ya rubuta haka. Muka gaje shi. Ba zan ɓoye ba, na yi tinƙaho da shi. Sunan da ya fitar da ɗan majalisa da kwamishina, wa zai ƙi? Amma ko buhun takin tallafi ban taɓa samu da shi ba. Da an gan shi a jerin sunaye sai a soke, wai me ɗan gidan Maitaguwa zai yi da tallafi.

Na biyu, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Duk kaka Jatau yakan ɗaure damin gero mafi kyau ya kai gidanku gaisuwa. Mahaifina ya ɗora, ni ma na ɗora. Ni da kaina na sha sauke shi a zaurenku, a ba ni goro in juyo.

Bana, ana saura kwanaki a yi shuka, ƙanenka Alhaji Ƙarami ya zo da masu awo suka kafa turaku a gonar. A gaban hakimi ya ce aro ce. Shaidarsa? Damin nan! Wai galla ce, irin wadda mai aron gona ke biya. Ya ƙara da cewa ko a takardar haraji sunan Maitaguwa ne a kanta. Haba, Alhaji! Ladabinmu ne ya zama shaida a kanmu? Dattawan da suka san gaskiya suna zaune a wurin, kowa ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsu ba, kowa yana da ɗan da ke neman aiki.

Damina ta wuce ina ƙwadago a gonakin mutane, ina hango tawa ciyawa ta rufe ta. Wallahi akwai ranar da na jingine fartanya na yi kuka.

Roƙona ɗaya ne. Ka kira Hajiya Gwaggo, ƙanwar mahaifinku, tun tana da rai, ka tambaye ta kyauta ce ko aro. Abin da ta faɗa na yarda. In kyauta ce, a cire turakun kafin ruwan baɗi.

Daminku na bana kuwa yana nan tafe. Na so in fasa, mahaifiyata ta ce ba a kanta za a yanke gaisuwar Jatau ba. Ban gaya mata cewa a kasuwar Maigatari na sayo shi ba, don har yanzu ba ta san an karɓe gonar ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya jiƙan Madugu, ya sa ka gaje shi a cika magana.

Wassalam.

Habu Isa Jatau. Ɗaya sunan na mayar muku.