Za a Tashi a Bar Ni da Kaka a Tsohon Gida

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Ban iya faɗin wannan baki da baki ba, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu.

Bana na gama firamare. Gidanmu yana cikin tsohon gari, ginin ƙasa ne mai soro, da zane a bakin ƙofa. Baƙi suna zuwa ɗaukar hotonsa, ni kuwa da na hango su sai in ruga bayan randa in ɓuya. Su ba su san ɗakin Mama yana yoyo ba. Ma'aikatan tsara gari sun zo sun ce layinmu na tarihi ne, ba a rushewa, ba a sa kwano, gyara sai da ƙasa. Da ma Baba ya taɓa shafe bangon baya da siminti, damina ɗaya ya ɓamɓaro, ya kwaso har da ƙasar bangon. Tun ranar ya ce ya gaji. Ya samu fili a sabuwar unguwar da aka yanka a bayan gari, ya yi gini, da ruwa ya ɗauke za a tashi.

Kaka ta ce ba inda za ta. Wai ta ƙofar nan aka shigo da ita, ta nan za a fitar da ita. Ni kuma a ɗakinta nake kwana tun da aka yaye ni, ni ke matsa mata ƙafa, har tana ce mini sandarta. Shi ya sa kowa ya ɗauka ni za a bari, ba wanda ya tambaye ni. Anti, sakandaren da aka ba ni tana sabuwar unguwa. Lungunmu mota ba ta shiga, kuma akwai nisa. Wallahi ina son Kaka, amma ina son karatu, kuma na san zan iya. Wani lokaci har nakan ce da ma an rushe gidan kowa ya huta, sai kuma in yi istigfari. Ni muguwa ce?

'Yar Kaka

'Yata, ke ba muguwa ba ce. Kaya ne aka ɗora miki ba a tambayi wuyanki ba.

Kaka ba taurin kai take yi ba, rayuwarta duka tana cikin gidan nan. Baba ma yana da gaskiya, ba a zama da iyali ƙarƙashin yoyo don baƙi su ji daɗin hoto. Ma'aikatan kuwa, hana rushewa daidai ne, amma wanda ya ce a riƙe gida sai ya ji yadda masu gidan suke kwana. Baba ya je ofishinsu ya tambayi abin da suka tanada na gyara, ya kuma nemi maginin ƙasa na gaske.

Naki aikin ɗaya ne: ki buɗe baki tun ba a ɗaure kaya ba. Shirunki ne ake ɗauka kin yarda. Ki fara da Mama, ko gwaggon da Baba ke jin maganarta. Kada ki ce kina so ki bar Kaka, ki ce kina son makaranta, sannan ki kawo mafita: ranakun karatu kina sabon gida, ƙarshen mako da hutu kina wurin Kaka. A samu babba cikin dangi ya tare a ɗakunan da za a bari. Ginin ƙasa ba ya son kaɗaici, tsohuwa ma haka, kuma kula da su biyun ya fi ƙarfin yarinya ɗaya.

Kaka kuma kada ta ji a bakin wani. Ki gaya mata da kanki, ko da kanki a sunkuye ne. Za ta yi mita, ki bar ta ta yi. Wadda ta raine ki ba za ta so a ce ita ta tare miki hanya ba.

Allah ya ba ki ilimi mai albarka, ya ƙara wa Kaka lafiya.