Kin Iya Cigiya da Harsuna Uku

'Yarmu Batulu ta sauka! Namiji ne, Tani, jajir da shi, muryarsa har zaure! Ki gafarce ni, murna ta sa na tsallake gaisuwa. Aminci ya tabbata gare ki, sanyin idona, inuwar tsamiyata, ruwan randata a tsakiyar bazara.

Da hannuna na rubuta wannan. Da furfurata na durƙusa gaban Malam Balarabe ina koyon ajami bayan magariba, don kada wani ya shiga tsakanin bakina da kunnenki. Ke 'yar malamai ce, ki yi haƙuri da karkatattun baƙaƙena.

Tun shekarar da mahara daga Ningi suka ɗauke ɗanmu na fari a gona kika bar Birnin Kudu, kika tare gidan yayanki a Gwaram, bakin hanyar fatake. Labarinki yana iso ni. An ce kin iya cigiya da Fillanci, kin iya da Barbarci, har da yaren mutanen dutse. Sunan da kunya ta hana ki faɗa tun ranar da kika haife shi, yau shi kike faɗa wa baƙi a kasuwa. Wayyo! Na san da za a ce an gan shi a ƙasar Sin ko ta Nasara, da kin koyi bakinsu. To ni fa, fitilar ɗakina? Da wane harshe ake cigiyar matar da aka san inda take?

Kin tuna daminar da awakinmu suka ɓace, muka bi rafi muna kira, ruwa ya tsare mu a gindin ɗorawa, kika ce abin da ake kiransa bai gama ɓata ba? Kira nake, Tani! Ban ce ki daina nemansa ba. Ni ma na hana a yi masa sadakar mamaci.

Amma Batulu ta zo haihuwar fari gidan iyayenta kamar kowace 'ya, ta tarar babu uwa. Maƙwabciya ce ke dafa mata ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa. Ba ta kuka a gabana, sai dai duk wanda ya yi sallama ta ɗaga kai.

Ni Ɗanladi naki ne har ƙasa ta rufe idona. Ki taho kafin suna, don Allah. Ki taho da yayanki da iyalinsa, da duk Gwaram in za su biyo ki, kowa ya zo ya ga jikanki!