Mai Jiran Inji

Ƙofar Ran, Bauchi
Ranar Lahadi

Zuwa ga Madina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya a Abujar taku. Ni lafiyata ƙalau, ba sai an tambaya ba.

Maƙwabcina Istifanus tela ne ke rubutawa, ni ke faɗa. Ya ɗago kai da ya ji na ce Madina, don ya san sunan mahaifiyata kika ci, tun ranar sunanki Inna nake kiranki. Na ce ya rubuta yadda na faɗa. Wayar kuma na kashe ta na jefa cikin tukunyar gero. A waya za ki yi min kuka, ni kuwa ba kuka nake nema ba.

Kin ce min kin samu gurbin digiri na biyu a Indiya, karatun aikin zuciya. Na tambaye ki, likitar zuciya ke nan? Kika ce, "Baba, a ɗakin tiyatar zuciya zan yi aiki." Na yanka rago. Na tara majalisar Ƙofar Ran kaf, har da Bappa mai goro da ba ma ga-maciji, don dai ya ji da kunnensa cewa 'yar Hammajoda za ta zama likita.

Jiya Felicia 'yar Istifanus ta taso daga aikinta na nas, ta tsaya gaishe mu a majalisa. Ba da mugunta ba, yarinyar murna take. Ta faɗi sunan aikin naki da Turanci, wata kalma kamar ana hura wuta da baki. Bappa ya ce ta fassara. Ta ce likita yakan tsayar da zuciya ya yi aikinsa, ke kuma kina gefe kina kula da injin da ke tura jini ta cikin tiyo. Bappa ya yi dariya har goro ya shaƙe shi. Ya ce, "Ashe gado za a yi! Hammajoda jiran inji, 'yarsa jiran inji, sai dai ita a jirgi za ta je koyo."

Ki gaya min ƙarya Felicia ta yi.

Mahaifinki,
Hammajoda

*

Abuja
Ranar Laraba

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida Baba da ladabi, ina gaida Baba Istifanus da ya sha wahalar rubutu. Direba ya kawo min takarda a wurin aiki, na karanta a tsaye.

Baba, Felicia ba ta yi ƙarya ba. Ba likita zan zama ba. Na ga ka fahimta a haka, na yi shiru, don na san da ka ji kalmar inji ba za ka saurari sauran ba.

Amma ka bar ni in faɗi sauran. Idan za a gyara zuciya, dole ta daina bugawa na ɗan lokaci. A lokacin nan injin ne zuciyar mutum, shi ne huhunsa. Wanda ke zaune gabansa shi ke duba yawan jinin da ke tafiya, da iskar da ake ba jinin, da ɗumin jiki. Shekara biyu ake karatun, rabi a aji, rabi a ɗakin tiyata, kuma sai wanda ya riga ya yi digiri a jinya ko makamancinta ake ɗauka.

Ka tuna asibitin da muka kai Mama Sauda. An ce akwai likitan da zai iya, akwai injin a rufe da leda, wanda zai tayar da shi ne babu, ya bar ƙasar. Muna jiran a samo wani ta cika. Tun ranar nake kallon ledar nan, Baba.

Ƙarshen wata zan tashi. Ba na son in tafi ba ka sa min albarka ba. Don Allah ka ciro wayar daga gero.

'Yarka,
Inna

*

Ƙofar Ran
Ranar Asabar

Madina,

Wa alaikumus salam. Takarda ta iso. Kada ki sake kawo min sunan mahaifiyarki Sauda don ki rufe min baki. Ni na kama hannunta, na san abin da aka ce a asibitin nan fiye da ke.

Kin ce da na ji inji ba zan saurara ba. To ke kin taɓa tambayata dalili? Da ciwo ya share mana shanu na shigo gari, babu aikin da na samu sai jiran injin ban ruwa a lambun wani Alhaji a Inkil. Ƙuruciyata a gindin injin nan ta ƙare, kunnena na hagu shi ya cinye. Shekarar da tumatir ya yi kyau, Alhaji ake yi wa barka. Ranar da inji ya tsaya, ko da mai ne ba a saya ba, "Ina Bafillacen nan?" Ya mare ni gaban 'ya'yansa a kan tiyo da ya tsufa ya fashe. Har na bar aikin bai san sunana ba. Ranar na rantse jinina ba zai zauna gindin inji ba. Shi ya sa na ture masu cewa in cire ki daga boko.

Yanzu ki faɗa min, idan mutum ya tashi lafiya, wa danginsa za su durƙusa wa? Likita. Idan bai tashi ba, ina za a juya a kalla? Ni tumatir ne ya bushe aka mare ni. Ke rai ne.

Istifanus yana ta tsoma baki, wai ba ɗaya ba ne. Na ce ya yi ɗinkinsa. Amma na sa Felicia ta nuna min hoton abin a wayarta. Na ga tiyo, na ga abin da ke juyawa. Na tambaye ta ko shi ma sai an ɗura masa ruwa kafin a tayar, ta ce haka ne, kuma iska ko kaɗan ba a so ta shiga. Na ce to wannan ai ba sabon labari ba ne.

Ban yafe ragon ba, ban yafe dariyar Bappa ba. Amma ki zo ranar Juma'a mai zuwa, tunda sai ƙarshen wata. Na sa a kawo nono daga rugar ƙanwata. Akwai magana da zan gaya miki a kan inji, ba ta takarda ba ce. In kin ji ta, sai mu ga zancen albarka.

Hammajoda

*

Abuja
Ranar Alhamis

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ɗanka Muktar ne. Ina gaisuwa da neman gafara.

Ni na karɓi takardar a tasha, don Yaya Madina ba ta nan. Ta tashi tun ranar Juma'ar da ta wuce, kwana biyu da rubuto maka. Ba ƙarshen wata ba ne, tikitin a hannunta yake tun kafin walimar ragon da ka yi. Ta ji tsoron in ta zo gida ka buɗe baki ka ce ka hana, ba za ta iya tsallake maganarka ba, kuma gurbin ba ya jira. Ni na kai ta filin jirgi. Ta yi ta kuka. Ta sauka lafiya.

Na ɗauki hoton takardarka na tura mata. Ta ce a roƙe ka ka kunna waya.

Ɗanka mai biyayya,
Muktar

*

Ƙofar Ran
Ranar Juma'a

Muktar,

Wa alaikumus salam. Ashe har da kai.

Nonon ya iso da safe. Na ce Istifanus ya kai wa iyalinsa.

Da ta zo, ba hana ta zan yi ba. Ka faɗa mata haka, ta zauna da shi.

Maganar da na ajiye mata kuwa, ka isar, tunda ba don ita ba ce, don wanda zai kwanta a ɗakin tiyata ne: kada ta yarda da allurar awo da ke jikin inji ita kaɗai. Inji yakan canja murya kafin ya tsaya. Ta ba shi kunne.

Wayar tana cikin gero. Istifanus ya tambaya ko ya rubuta ina gaida Inna. Na ce Inna tana maƙabarta.

Wassalam.
Hammajoda