Zanen da Ya Fuskanci Bango

McLeansville

Zuwa ga 'yata Rumasa'u,

Bayan gaisuwa da fatan karatu na tafiya lafiya. Kin san ni da waya, shi ya sa na ɗauki biro.

Kin tuna Raghavan, Ba'indiyen nan da muka yi aikin sito a Wendover? Tunda muka yi ritaya ya koma zane. Ya kawo mini wani da ya yi da hannunsa, irin na bangon kogunan ƙasarsu na dā: mace daga wani tsohon wasan kwaikwayonsu, idanu zara-zara, yatsu a lanƙwashe, tana jiran mijinta a bakin kogi. Na rataye a falo. To, ashe bangon alƙibla ne. Sai nake juya fuskarta bango in zan yi salla. Rannan ya shigo bayan La'asar, ban maido ta ba. Ya dubi bangon, ya bar shayinsa rabi, ya tafi. Har yau bai ɗaga wayata ba.

A shekaruna ba a sake sabon aboki. Tunda kina ganin 'yarsa a makaranta, ki bugi cikinta.

Mahaifinki,
Garzali

Glenwood

Baba,

Ina gaisuwa. Na tambaye ta. Baba, wannan fuskar ta mamanta ce da ta rasu! Bai taɓa ba kowa zanen da ke da fuskarta ba sai kai. Shi a ganinsa ƙyamarta ka yi. Don Allah bar wayar nan, ka je da kanka. Kuma haba Baba, bango huɗu ne a falon nan.

Taka,
Rumasa'u

McLeansville

Rumasa'u,

Allah ya yi miki albarka, har da tsiwar. Na je da dabino, na yi bayani. Sai ya ce, "Garzali, da bakinka ba ka iya faɗa ba?" Jiya ya zo da gudumarsa, ya ce in nuna masa Makka. Na nuna, ya juya wa alƙiblar baya, ya buga ƙusa a bangon da ke gabansa, ya mayar da zanen can.

Magariba ta same mu a nan. Na tayar da salla, shi kuma ya ja kujera bayana ya zauna gaban matarsa. Da na sallame bai motsa ba, sai na ƙara nafila.

Ki gaida 'yar tasa.

Mahaifinki