Hannun Hagu, Zuwa ga Jikana Nafi'u

Yau Juma'a, gero ya fara fitar da kai. Jiki da ɗan sauƙi, sai dai hannun dama ko cokali ba ya riƙewa tun faɗuwar da na yi a watan jiya. Da hagu nake rubutun nan, ka yi haƙuri da karkacewarsa.

Assalamu alaikum, abokina. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan wasanka a sansanin horo.

Saƙonka ya same ni ta wayar maƙwabcinmu Malam Idi. Ka ce ka ji labarin ciwona, za ka baro sansanin ka taho yau, alhali saura mako biyu a zaɓi waɗanda za su shiga ƙungiyar ƙwallon kwando ta jiha. Na sa ya amsa maka cewa kada ka zo. Ga dalilina.

Ka tuna ƙarfen tayar keken da na ɗaure a jikin darbejiyar makaranta, ya zama kwandonmu? Da hannun dama babu mai jefa ƙwallo kamarka daga nan har Makoda. Ka ji daɗin yabo, ka tsaya nan. Ni ma haka na yi a kwalejin horon malamai. Da aka gane ni aka riƙa tare ni ta dama, sai na ƙare a bencin 'yan canji har na gama karatu.

Shi ya sa na ɗaure maka hannun daman ta baya da ɗankwalin kakarka. Ƙwallo tana kuɓuce maka tana shiga gyaɗar mutane, kana bin ta kana hawaye. Na ce jan ruwa, shara, buɗe ƙyaure, komai ka yi da hagu.

Na ce komai, ban ware komai ba, laifin nawa ne. Ranar da liman ya zo duba kakarka, ka miƙa masa ruwa da hagu. Ya dube ka, bai karɓa ba. Ita kuwa, Allah ya jiƙanta, daga kwance ta ce da ni, "Ka lalata mini miji saboda wasan banza." Kwana uku ba ta kula ni ba. Kai kuma washegari ka riga ni zuwa gindin darbejiya, ka juya baya ka miƙo hannu in ɗaure.

Sai yanzu na san abin da na sa ka. In an kawo mini tuwo, nakan juya fuska ga bango kafin in sa hannu. An ce mini lalura ce, babu laifi, amma kunyar ba ta tafi ba.

Ɗakinka yana nan yadda ka bar shi. Gidan ya yi shiru da yawa. Ba zan ɓoye maka ba, ban tabbata zan ga girbin bana ba. Amma in ka zubar da wahalar shekara shida ka zo ka zauna kana kallona, wannan zai fi ciwon yi mini zafi. In koci ya tsananta, ka daure. Inda ka ji ba ka iya ba, nan za ka yini.

Allah ya ƙarfafa gwiwarka, ya tsare ka daga rauni, ya sa a kira sunanka. Allah ya haɗa fuskokinmu, ko a nan ko a can.

Kakanka mai ƙaunarka,
Malam Sabo

Bayan la'asar. Duk da abin da na faɗa, tun da aka sauko daga masallaci na sa aka fitar mini da tabarma ƙofar gida. Motar Kano ta tsaya a bakin titi, mata biyu suka sauka da buhunansu, ta wuce. Ka ji maganata, ba ka zo ba. Hadari ya taso, bari in nemi mai kama ni in shiga ciki.