Na ce kunnen ƙashi gare ta, ashe kunnen ne ke ciwo

Anti, don girman Allah ki taimake ni, maganar nan na kasa faɗa wa kowa, har mijina.

Ni tela ce, ina da ɗan shago a bakin titi, keken ɗinki biyu da teburin yanka. 'Ya'yana uku, ƙaramar muna ce mata Auta, shekararta shida. Tana shekara huɗu ta yi wata mura mai zafi, daga nan kunnenta na hagu ya fara zubar da ruwa. Na sayo maganin ɗigawa a kemis, ya tsaya, bayan wata biyu ya dawo, har da wari. Warin nan shi ya ja mini, Anti. Wata rana wata mai kawo ɗinki ta ɗora ta a cinya, sai na ga ta kawar da kai tana toshe hanci da bakin mayafi. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Wai a ce mai yi wa mutane kayan ado ta kasa tsaftace 'yarta. Daga ranar na riƙa cusa mata auduga, na ɗinka mata huluna biyar masu rufe kunne da ragowar yadi, kowacce kalar rigarta. Mutane na yabon hulunan, ni kuma ina murmushi.

Babanta direban babbar mota ne, sai ya yi mako uku yana hanya. In ya tambayi kunnen, sai in ce ai tuni ya warke.

Sai kuma ta fara abin da na ɗauka raini ne. In kira ta sau uku ba ta waiwaya ba. In ce miƙo almakashi, ta miƙo zare. Na laƙaba mata Mai Kunnen Ƙashi, yayyenta suka kama sunan. Malamarsu ta rubuto cewa ba ta mai da hankali a aji, na karanta mata takardar ina dungure mata kai.

Talatar da ta wuce ta bi ƙwallo ta faɗa titi. Ina ƙwala mata kira daga bakin shago, ko gezau. Mai babur ya taka birki har ya zube gefe, ya tashi yana rantsuwa cewa sau uku ya danna mata hon. Tsoro da haushi suka rufe mini ido, na kifa mata mari a gaban jama'a. Hular ta faɗi. Da na duba tafin hannuna, mugunya ce da ɗan jini. Tana kuka tana rantse mini wallahi ba ta ji kowa ba.

Da muka koma gida na tsaya ta hagunta na kira ta a hankali. Shiru. Na zagayo ta dama, nan take ta juyo.

Anti, shekara biyu ina hukunta yarinya a kan ciwon da ni na ɓoye. Yanzu ina tsoron asibiti, kada a zazzage ni a gaban mutane. Ina tsoron babanta. Kuma ko marin nan ne ya ƙarasa kunnen? Ina zan sa kaina?

Daga uwar da kunya ta rufe wa baki

Ƙanwata,

Asibiti za ki sa kanki, kuma gobe da safe. Ki rufe shagon, ɗinkin mutane zai jira. Ki nemi ɓangaren kunne, ki ce a duba ta kuma a gwada jinta. Ki faɗa wa likita komai: shekara biyun, maganin kemis, audugar, har marin. Wataƙila wata ma'aikaciya ta yi miki faɗa. Ki sunkuyar da kai ki shanye, minti biyar ne ya wuce. Idan kuwa kika ga zazzaɓi, jiri, ciwon kai mai tsanani ko kumburi a bayan kunnen, kada ki jira goben ma.

Ba zan ce ba ki yi kuskure ba, kin yi, kin kuma san haka. Amma wadda ba ta damu da 'yarta ba, ba za ta zagaya ta gwada kunne ɗaya bayan ɗaya ba. Kunnen da ya daɗe yana zuba sau da yawa dodonsa ne ya huje, kuma irin wannan ciwo ana maganinsa, yara da dama jinsu na ƙaruwa sosai bayan an tsayar da zubar. Yawan jin da zai dawo, da abin da marin ya ƙara ko bai ƙara ba, wanda ya leƙa kunnen ne kaɗai zai faɗa. Ba ta ji tun kafin marin, amma hannu kada ya sake zuwa wurin.

Kafin nan, ki cire audugar, ki daina ɗiga komai. Ki riƙa goge na waje kawai da ƙyalle mai tsabta, kuma kada ruwan wanka ya shiga.

Babanta kuwa, ki kira shi yau, kada ya tsinci labarin a bakin maƙwabta. Zai ji haushi, yana da haƙƙi, tunda ƙarya kika yi masa. Sai dai shi ma uba ne, shekara biyu bai taɓa leƙa kunnen da kansa ba. Ku bar rabon laifi, ku kama maganin yarinya.

Ki je wurin malamarsu da ƙafarki, ki roƙi a dawo da ita bencin gaba, kunnen dama na fuskantar mai koyarwa. Titi kuma sai da hannun babba. In za ki yi mata magana, ki tsayar da keke, ki bari ta ga fuskarki. Sunan nan na tsokana ya mutu daga yau, ki tara yayyenta ki gaya musu ke kika fara shi, ke kuma kika kashe shi.

Sannan ki zaunar da Auta ki ba ta haƙuri, ki ce mata gaskiya ta faɗa, kin yarda da ita. Girman uwa ba ya zubewa don wannan.

Allah ya ba ta lafiya, ya raya miki su, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.