Baba, Mun Zauna a Gaban Tifa

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙusawa da gaisuwa a makwancinka, da fatan Allah Ya haskaka shi. 'Yarka ce Rabi, daga ƙauyenmu na kusa da Dangora.

Wani abu ya faru a ranin nan, kuma kai nake so in fara ba labarinsa.

Ka tuna lokacin da kake koyar da tarihi a sakandare? Kakan dawo da farin alli a hannun rigarka, ka zaunar da mu a zaure, ka ba mu labarin mutanen Indiya. Turawa sun hana su ɗibar gishirin ƙasarsu, sai wani tsoho siriri ya ja su a ƙafa har bakin teku. Ana dukansu, ba sa ramawa, ba sa kuma komawa gida. Haushi labarin yake ba ni, har na ce maka wannan ragwanci ne. Ka yi dariya ka ce, "Rago gudu yake yi, Rabi. Waɗannan tsayawa suka yi." Ka ce a wurinsu riƙo da gaskiya da ƙin cutar da rai abu ɗaya ne, kuma wanda kake ja da shi ba halakarsa kake nema ba, so kake zuciyarsa ta farka.

Baba, masu ɗibar yashi sun cinye gaɓar rafinmu. Fadamar da ka bar mana ta fara zaftarewa. Mashayar shanun gidan Arɗo ta zama rami, har maraƙi ya faɗa ya mutu. Mun kai kuka, ba a ji ba. Sai jikanka Abba, mai sunanka, wanda ka bari yana rarrafe, ya tara samari da galan ɗin fetur za su ƙona tifar da ke kwasar yashin.

Na roƙe shi ya dakata zuwa gobe. Da safe na bi gidaje, matan gari da matan ruga muka fito da tabarminmu, muka shimfiɗa a tsakiyar hanya. Tifa ta taho tana hon har na ji hucin injinta a fuskata, sannan ta tsaya. Yaran mai yashi suka zage mu, ɗayansu ya shauɗa mini dorina a kafaɗa. Abba yana gefe, ya zabura. Kallonsa kawai na yi. Ya tsaya yana hawaye, bai ɗaga hannu ba.

Da rana ta take, Dada, uwargidan Arɗo, ta dama fura da nono ta miƙa wa direban da wanda ya doke ni. Direban ya sha. Ɗayan ya kasa karɓa, ya zaga bayan mota ya zauna.

Haka muka yi ta komawa har hakimi ya kira zama, aka hana ɗibar yashi a ɓangarenmu. Ban sani ba ko hanin zai ɗore, kuma abin da ya zaftare na fadamar ya tafi. Amma ba a binne ɗan kowa ba. Abba yana gida, shi yake gasa mini kafaɗa da ruwan ɗumi.

Jiya yana cikin gashin ya tambaye ni wane irin mutum ne kakansa. Ina hawaye na ba shi labarinka, da labaran da kake ba mu a zaure.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya yafe maka, Ya haɗa ka da Inna a inuwa ɗaya, mu kuma Ya kawo mu wurinku hannunmu babu jinin kowa.

'Yarka mai kewarka,
Rabi